Daga Sakkwato zuwa Tsaunin Mambila: kurakuran da muka fi tafkawa

Ranar da muka fara shirin zuwa Gembu, a kan Tsaunin Mambila, na ce wa kawuna ya nemi rigar sanyi mai kauri. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, mu da munka sha ɗarin Sakkwato, wane sanyi za a hwaɗa muna?" Babbar riga biyu ya ɗauka, da rawani, da takalmin fata sau-ciki. Bayan kwana uku, a Nguroje, na same shi bakin murhun mai shayi ya rungume kofi da hannu biyu, haƙora na kaɗawa. Bai ce uffan ba, ni ma ban tuna masa ba.

Kusan duk kuskuren da Basakkwace ke yi a tafiyar nan tushensa ɗaya: yana auna Mambila da mudun gida. Sakkwato na zaune a kusan mita 300 sama da teku. Tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, matsakaicin tsayinsa ya kai kusan mita 1,600, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Ƙasa ce ta tuddai masu ciyawa iya ganinka, ba itace sai kurmi a cikin kwari da itatuwan turare da aka dasa kewaye da garuruwa.

Mu fara da tufafi, don nan aka fi shan wuya. Hausa ta raba ɗari da sanyi, kuma ba a banza ba. Abin da muka sani a hunturu ɗari ne, busasshe, mai fasa leɓe da kaushi. Ka lulluɓa da mayafi, hantsi ya yi, shi ke nan. Na Mambila sanyi ne mai laima. Raɓa na jiƙa ciyawa, gajimare na saukowa ya bi ta jikinka, shadda ko atamfa ta sha ruwa ta manne, iska ta bi ta kai. Jiƙaƙƙen auduga zuƙe ɗumin jiki yake yi, shi ya sa mai babbar riga uku zai fi jin jiki a kan yaron da ya sa suwaita ɗaya da rigar ruwa. Kafin ka tashi, ka shiga wajen 'yan gwanjo ka nemi suwaita, da jaket da ruwa ba ya ratsawa, da hular sanyi mai rufe kunne, da safa ƙafa uku ko huɗu. Ka sa su hawa-hawa yadda in rana ta buɗe za ka cire ɗaya. Takalmi kuwa, fatarmu abin alfahari ce, amma a bar ta a gida. Jar lakar can santsi gare ta kamar an zuba kuɓewa, sai kambas mai haƙora ko takalmin ruwa. Kaya ɗaya ka ƙulle su a leda, ba ka taɓawa sai dare. In wanki kake dogaro da shi, ka sani rigar da take bushewa a Sakkwato kafin ka gama cin tuwo, can tana iya kwana biyu a igiya.

Sai zaɓen lokaci. Da yawa suna cewa bari mu gudu wa zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40. Dabarar ba laifi, sai dai a lokacin damina ta riga ta kama a can, kuma ba irin tamu ba ce ta wata uku zuwa huɗu: takan ja har Oktoba, ruwan da ke sauka kuma ya ninka namu fiye da sau biyu. A tsakiyarta hanyoyin ƙauyuka sai babur, wani wurin sai ƙafa. Ni dai Nuwamba na fi so, ruwa ya ɗauke, tuddai ba su gama bushewa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya ta fi kyau, amma ciyawa ta yi ja, dare kuma ya fi cizo.

Hanya ma ana raina ta. Daga Sakkwato zuwa Jalingo kaɗai ya haura kilomita 1,000, ta Gusau da Zariya, ka ɓulla Bauchi da Gombe da Numan. Kowa ya san ba a bin hanyar Gusau da dare, ba sai na faɗa ba. Kuskuren shi ne mutum ya iso Jalingo ya ɗauka ya zo. Saura wuni guda: Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan hawan dutse zuwa Maisamari, Nguroje, Gembu. Ka kwana Jalingo, ka yi sammako, yadda za ka gama hawa da sauran rana. Ka cika tanki, ka riƙe tsabar kuɗi, don in sabis ya ɗauke, mai POS kallonka kawai zai yi.

Direbanmu na gida, wanda ya saba da miƙaƙƙen titin Sakkwato zuwa Illela, hawa ne yake tsoro, alhali gangara ce mai kisa. In ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama, lanƙwasa bayan lanƙwasa, birkin zai yi zafi, ka ji ƙauri, daga nan ka taka ka ji wayam. Ana saukowa ne da ƙaramar giya, ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe mota, birki sai taɓawa. Kada a saki mota firi don tsimin mai. A duba ruwan lagireto da birki tun a Serti. Wanda bai taɓa tuƙi a dutse ba, babu kunya ya ajiye motarsa ya shiga ta 'yan hanya.

Ka iso, ka huta, gari ya waye. Nan ido ke fara yaudara. Iskar can garau take, babu ƙura, sai ka hango tudu ka ce wancan ai kafin a ɗora shayi na je na dawo. Tsakaninku akwai kwari biyu da ba ka gani, kuma gindin kwarin nan, inda ciyawa ta fi kore da kyau, sau da yawa taɓo ne mai haɗiye ƙafa har gwiwa. Ka bi turbar shanu ko ta mutane ko da ta yi zagaye. Waɗanda suka fitar da ita sun riga ka gwada yanke. Numfashi ma zai gaza maka a kwanan farko, ba ciwo ba ne, iska ce ta ɗan yi sauƙi, ka tafi sannu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hazo. Namu na hunturu ƙura ce, kana ganin inuwar gida da itace. Na can gajimare ne da kansa, yana iya rufe ka cikin 'yan mintuna har ka kasa ganin wanda ke gabanka da taku goma, kuma duk tuddan kamarsu ɗaya. In ya kama ka, ka tsaya inda kake, kada ka ce za ka bi hankalinka. Shi ya sa ba a fita ba ɗan gari, ba a fita ba tare da an gaya wa mai masauki inda aka nufa ba. In hadari ya haɗu kuma, ka sauka daga ƙololuwar tudu, kada ka fake ƙarƙashin itace guda da ke tsaye shi kaɗai, don a fili irin wannan tsawa abin da ya fi tsayi take nema. Da ka dawo, ka duba ƙafafu da ƙugu, ƙasar shanu ce, kaska ba ta rasuwa.

Wani kuskuren na ɗabi'a ne. Ka ga fili shimfiɗe ka ɗauka dajin Allah ne. Kusan kowane tudu da mai shi, ko makiyayi ko manomi, wasu har da shingen waya, kuma maganar ƙasa a can ta sha jawo rikici, ba abin wasa ba ce. Kada ka tsallake shinge, in ka buɗe ƙyaure ka rufe, kada ka nuna shanun mutum da yatsa kana ƙirgawa, kada ka ɗauki hoton mata da yara ba izini. Da rani kuwa guntun taba ko garwashin shayi ya isa ya cinye kiwon shekara. Mu Sakkwatawa muna da wani ƙarin jarabi: sunan ƙaramar hukumar. Gaskiya ne daga Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya samo asali, tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta sa Arewacin Kamaru na Ingila ya shigo Najeriya aka kira shi Lardin Sardauna. Amma wannan bai mai da kai ɗan gida ba. Akwai Mambila, da Fulani, da Kaka, da Panso, da Kambu, Musulmi da Kirista, kuma Fulatanci ya fi Hausa tafiya a ƙauyuka. Ka fara da gaida jauro, wato mai gari. Ka riƙe katin shaidarka, don iyakar Kamaru kusa take, ana iya tsallaka ta ba a sani ba.

Salla ma kada ka bi agogon gida. Gembu na gabas da mu sosai, azahar ɗinsu na riga tamu da kusan minti 24, magariba ma da wuri take faɗuwa. Ruwan alwalar asuba kuwa, ka roƙi a ɗuma maka tun dare a zuba a fulas. Kawuna ya gwada jarumta rana ɗaya tak.

Masu cewa za su "leƙa" Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, su sake lissafi. Mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a bakin iyaka. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da izinin hukumar gandun da ɗan jagora. Mai kwana uku ya tsaya ga gonar shayi ta Kakara da kurmin Ngel Nyaki, sun ishe shi kallo.

Tsaraba ce ta ƙarshe. Ganyen shayi ba ya ɓaci, ka saya yadda kake so. Piya da ayaba ne ake asara: mutum ya ga araha ya cika buhu da nunannu, ya manta kwana biyu zai yi cikin zafin mota. Ka zaɓi ɗanyu masu tauri, a jera a kwali, ba a buhu ba, kuma kada a ɗora musu kaya. Namu na farko, kafin mu wuce Talata Mafara sun zama miya.