Yadda Ake Magance Matsalar Izinin Fayil Wajen Girka Wasa a Kwamfuta

Wasa ya kusa gama sauka sai ya tsaya cak, allo ya nuna "Access is denied" ko lambar 0x80070005. A Steam, manhajar saye da sauke wasanni, kuma ana ganin "Missing file privileges". Duk maganar ɗaya ce: manhajar tana son rubuta fayil a wurin da Windows bai ba ta izini ba.

Tun fitowar Windows Vista a 2007, folda irin su Program Files a kulle suke. Ko da asusunka na admin ne, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, shirin da ka buɗe yana aiki ne da ikon mai amfani na gama-gari, sai ka amince a ƙara masa. Tsofaffin wasanni na zamanin Windows XP su suka fi shan wahala, domin sun saba ajiye komai a cikin foldarsu.

1. Sake kunna kwamfutar. Wani lokaci girkawar da ta katse ce ke riƙe da fayil ɗin a ɓoye.

2. Girka da ikon admin. Danna fayil ɗin girkawa da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Run as administrator". Fayil ɗin girkawa kaɗai nake nufi. Mutane da yawa suna saita wasan kansa ya riƙa buɗewa da wannan iko kullum, ni kam ban yarda da hakan ba, don ka miƙa masa dukan kwamfutarka ke nan. Wasan da ba ka san asalinsa ba kuwa, kada ma ka soma.

3. Sauya wa wasan mazauni. Wannan ne maganin da ya fi ɗorewa. Ƙirƙiri sabuwar folda, misali C:\Wasanni ko D:\Wasanni, idan mai girkawa ya tambayi inda za a saka wasan sai ka nuna masa ita. Foldar da ka yi da hannunka kana da ikon rubutu a cikinta, don haka sabuntawa da ajiye ci gaban wasa ba za su sake tsayawa ba.

4. Gyara izinin foldar. Idan wasan ya riga ya zauna, danna foldarsa da maɓallin dama, ka shiga Properties, sai Security, sai Edit. Zaɓi sunan asusunka, ka sa alama a kan Modify. Ya wadatar, ba sai Full control ba.

Faifan da aka ciro daga wata kwamfuta yana da tasa rigimar, saboda fayilolin suna ɗauke da shaidar tsohon mai su. Buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon admin ka rubuta wannan, ka sa sunan foldarka a madadin D:\Wasanni:

takeown /f D:\Wasanni /r

Bayan haka sai ka koma Security ka ba kanka Modify. Amma a kula: kada a yi wannan a kan C:\ gaba ɗaya, ko foldar Windows, ko WindowsApps inda wasannin Microsoft Store suke zama. Sauya mallakar waɗannan yana iya hana manhajoji buɗewa, kuma mayar da su yadda suke aiki ne ja.

5. Duba manhajar tsaro. A Windows Security akwai "Controlled folder access", wanda ke gadin Documents da Pictures daga ɓarayin da ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa. Wasanni da dama a Documents suke ajiya, sai ya tare su. Kada ka kashe shi. Shiga "Allow an app through Controlled folder access" ka ƙara wasan.

Masu Steam su leƙa Settings, sai Storage, akwai zaɓin gyara foldar wasanni a can.

A Linux kuwa, fayil ɗin girkawa yakan rasa izinin gudana ne kawai, chmod +x da sunan fayil ɗin ya isa. Kada ka buɗe Steam da sudo, wato da ikon admin, domin fayilolin da zai rubuta za su zama mallakar root, asusun admin na Linux, daga baya asusunka ya kasa taɓa su. Idan hakan ta riga ta faru, sudo chown -R da sunan asusunka a kan foldar zai dawo maka da su.