Yadda za ka zaɓi gajeren wandon keke don doguwar tafiya a hanyar burji

Masu hawan keke suna ta tambaya a kan wannan wando, to ga matakan:

1. Auna ƙugunka da kaurin cinyarka da tef ɗin tela. Lambar wando ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

2. Zaɓi yadin nailan mai haɗe da Lycra, wato zare mai miƙewa kamar roba. Auduga tana riƙe gumi, ta jiƙe, ta goge fata.

3. Juya wandon ka matsa soson da ke tsakiya tsakanin babban yatsa da manuni. Nan ne zancen yake. Idan ya lotse har yatsunka suka haɗu, kada ka saya komai kaurinsa. Soso mai tauri da ke dawowa nan take shi ke shanye girgizar tsakuwa.

4. Shafa ɗinkin ciki. Ɗinki mai tudu yana saɓe cinya.

5. Nemi mai madaurin kafaɗa, ba ya zamewa kuma ba ya matse ciki.

6. Gwada shi a sunkuye, kamar kana riƙe da kan keke. Ya kama jiki, soson ya zauna daidai inda kake taɓa sirdi.

Gargaɗi: kada ka sa kamfai a ciki. Nan mutane suka fi kuskure, ɗinkinsa ne ke jawo ƙuraje. Idan kana jin kunyar yadda ya matse jiki, ɗora sakakken wando a kai.

7. Guji na gwanjo, wataƙila sosonsa ya riga ya mutu.

8. Jarraba shi a gajeriyar tafiya kafin ka kama doguwa.