Taya da Ɗaga Jif: Shawara Ga Masu Son Kwalta da Daji

Jama'a, mai jif da yake son motar ta yi masa daɗi a kwalta kuma ta shiga burji da yashi, ya fara da taya kafin komai. Kar ka yarda a saka maka MT ɗin nan, wato tayar laka mai manyan haƙora, in dai yawancin tafiyarka a titi ne, ƙara zai dame ka, ga shan mai, kuma in an yi ruwa birki ba ya kama kwalta yadda ya kamata. AT, wato tayar da aka yi don kwalta da burji duka, shi ne daidai wallahi, ya isa mutum.

Sai maganar ɗaga mota, wato ƙara mata tsayi daga ƙasa, nan ne mutane suke wuce gona da iri. Kana ɗaga ta sosai nauyinta ya koma sama, sai ka ji tana rangaji a kwana kamar kwalekwale, inci 2 ya wadatar kuma a saka shokoba mai kyau a sake yin alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye gefe ɗaya. Kaya masu nauyi ma a sa su ciki, ba a kan rufi ba.

In za ka shiga yashi rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 PSI (ma'aunin iskar taya), amma don Allah ka riƙe famfo a but ka mayar da iskar kafin ka hau titi, taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe a gudu. Masu irin Hilux da ake saka 4H (giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja) da hannu kuma, a cire shi a busasshiyar kwalta, yana wahalar da giya da shaf.