Kurakuran da aka fi yi wajen saita jitar bes da haɗa amfilifaya a gida

Yawancin jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, da ke yawo a hannun makaɗan Kano, daga situdiyon waƙoƙin fim zuwa majami'un Sabon Gari, kwance ce aka sayo, kuma da wuya ka tarar da wadda aka taɓa saita ta tun da ta shigo ƙasar. Mai ita zai ce tsirkiya ta yi tauri ko tana zuzu, ya ɗauki sukundireba ya hau murɗa duk abin da ya murɗu. Nan ne ɓarnar take farawa, domin saitin bes jeri gare shi: lanƙwasar wuyan jitar, sai tsayin tsirkiya, sai tsayin fikof (maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta), daidaita sauti a ƙarshe. Kowane mataki yana sauya na bayansa, wanda ya fara daga ƙarshe zai yi aikin sau biyu.

Wuya shi ne inda aka fi yin ta'adi. A cikinsa akwai sandar ƙarfe da ke ja da tsirkiya, ana murɗa ta da alanki. Kafin ka taɓa ta, ɗaure tsirkiyoyin huɗu a sautinsu na E, A, D, G, ka danne ta E a firet (ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyan) na farko da na ƙarshe lokaci guda (nemi yaro ya riƙe maka ɗaya), ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8. Abin da ake nema kamar milimita 0.3 ne, kaurin farar takardar firinta uku ke nan idan an haɗa. In rata ta fi haka, murɗa zuwa dama, wuyan ya miƙe. In tsirkiya ta kwanta a kan firet, murɗa zuwa hagu. Kwata ɗaya na zagaye kawai, a sake ɗaure sauti, a bar katako ya huta, a sake aunawa. Masu gaggawa kan yi zagaye biyu a zama ɗaya, ko su tura alankin milimita a noti na inci ya cinye bakinsa. In ka ji sandar ta ƙi motsi, tsaya. Karyewarta gyara ce da kan fi kuɗin jitar.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne saitin nan ba ya zama a Kano. Katakon da ya sha danshin Agusta ba shi ne zai kai Janairu ba. Hunturu na busar da shi ya ƙanƙance, har bakin firet ya leƙo ta gefen wuya yana yankar hannu, damina kuma ta kumbura shi. Don haka a auna sau biyu a shekara, bayan ɗaukewar ruwa da bayan saukarsa. Bakin firet da ya fito ana goge shi da ƙaramin magagari mai laushi, bayan an rufe katakon da tef. Kada a bar jita a but ɗin mota da rana a watan Afrilu, kuma kada a shafa wa katakon man gyaɗa wai don kar ya tsage; maiƙon zai yi wari ya kama ƙura.

Tsayin tsirkiya a jaki ake gyara shi, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, da ƙananan sukurori biyu na kowace tsirkiya. A firet na 17, E ta tsaya kimanin milimita 2.4, G kuma wajen 2. Wanda ba shi da rula mai kyau ya haɗa katin ATM uku, kaurinsu ya kusa 2.3. Zuzu ma yana nuna inda ciwon yake: in a firet biyar na farko ne, wuya ya miƙe da yawa, in can sama ne kusa da jiki, jaki ya yi ƙasa. Fikof kuwa mutane na ɗaga shi har ya kusa taɓa tsirkiya don neman ƙara, sai maganaɗisunsa ya riƙa jan tsirkiyar, sauti ya yi ta rawa. Bar milimita 2 zuwa 3 idan ka danne firet na ƙarshe.

Sannan daidaita sauti. Kaɗa tsirkiya ba tare da ka danne ta ba, sannan ka danne ta a firet na 12, ka duba manhajar saita sauti a waya. In na 12 ya haura, ja sirdin wannan tsirkiyar (ɗan ƙarfen da ta hau a kan jaki) baya, nesa da wuya. In ya gaza, matso da shi gaba. Tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ba za ta daidaitu ba ko ka kwana kana murɗawa. Bes mai batir 9V kuma, muddin waya na soke a jikinta batir na ci, ko ba a kaɗa ta.

A ɓangaren haɗa amfilifaya, kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafo zanen da aka yi don rediyo a ce zai ɗauki bes. Tsirkiyar E tana kaɗawa sau 41 ne a daƙiƙa. Zane-zanen LM386 (wani aisi ne, wato ƙaramin ƙwayar lantarki mai ƙara ƙarfin sauti) da suka cika intanet suna sa kafasita 220uF tsakanin aisi da sifika, kuma da sifika mai om 8 wannan yana fara yanke duk abin da ke ƙasa da kusan 90. Ka ga E da A sun tafi tun kafin su isa sifika, maigida yana ta zargin jita. Sa 1000uF ga om 8, ko 2200uF ga om 4. Shi LM386 ɗin ma da ƙyar yake kai wat ɗaya, na gwaji ne a ɗaki. Wanda ke son abin da za a ji ya koma TDA2030 mai wajen wat 14, ya ɗaura shi a faifan alminiyam mai faɗi. A lura kunnen ƙarfen wannan aisin yana haɗe da ƙafa ta 3, wato nagatif. In wutar mai ɓangare biyu ce, wato fozitif da nagatif, dole a sa takardar maika mai hana wuta wucewa tsakaninsa da faifan, in ba haka ba wutar nagatif za ta haɗu da akwati da zarar faifan ya taɓa shi.

Mashigar sauti ma ana raina ta. Fikof marar batir yana son ya tarar da mashiga mai megom 1 (om miliyan ɗaya) a gabansa. Soka shi kai tsaye a allon amfilifaya mai 10k (om dubu goma), ƙara ta ragu, sauti ya dushe. Ƙaramin mataki da aisin TL072 guda ɗaya a gaba yana warware wannan.

Wuta fa? Taransfoma da aka rubuta 12V a jikinta, bayan dayod da kafasita za ta ba da kusan 17V, don haka kafasita mai 16V za ta kumbura. Sayi mai 25V ko 35V, 4700uF, ka duba layin nagatif a jikinta kafin ka liƙa, juya ta fashewa ne. Kunnawar farko a bi da wutar ta cikin ƙwan fitila na da mai wat 60 a jere: in ya haska sosai bai dusashe ba, akwai inda waya ta haɗu, kashe. Da janareta ko inbata a auna da mita tukuna. In za ka shiga Sabon Gari sayen kaya, tafi da mitarka, ka sayi aisi biyu, domin jabu sun yi yawa kuma rubutun da ke gogewa da yatsa alama ce.

Liƙin dalma mai kyau yana sheƙi, ya kwanta kamar gangaren tudu. Wanda ya dunƙule ya yi toka-toka ƙafar ba ta yi zafi ba ne, kuma shi ke kawo ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa. Ayan, wato ƙarfen narka dalma, mai wat 30 zuwa 40 da dalma 60/40 sun isa. Ɗora bakin ayan a kan ƙafa da allo tare, sannan ka kai dalma. Ruwan asid na masu gyaran radiyeta kada ya kusanci allo, cin tagulla yake yi.

Gurnanin nan na "hmmm" yawanci 50 ne na wutar gari ke shigowa. A haɗa duk wayoyin at (na sauke wuta ƙasa) a wuri ɗaya kusa da babbar kafasita, a nisanta taransfoma daga mashiga, a yi amfani da waya mai raga daga jita zuwa amfilifaya, wayar sifika kuma mai kauri marar raga. In gurnani ya ƙi raguwa ko da ka taɓa tsirkiya, duba wayar da ke ƙarƙashin jaki, ta yiwu ta cire. Wasu kan karya ƙafar at ta filogi don gurnani ya tafi; kada a yi haka. Tsirkiyoyin bes a haɗe suke da jikin amfilifaya, saboda haka duk wutar da ta zubo a akwatin ta hannun makaɗi za ta bi, musamman in leɓensa ya taɓa makirufo.