Darasi na 7: Sitikar Salik ga Direba a Dubai

'Yan'uwa, da yawa daga cikin mutanenmu suna tafiya Dubai neman abinci, kuma tuƙi na cikin ayyukan da suke kamawa. Wannan darasi domin su ne, da masu shirin bin sahunsu.

A manyan titunan Dubai ana biyan kuɗin hanya, amma ba za ka ga shinge ko ma'aikaci ya miƙo hannu ba. Ƙarfe ne a gicciye sama da titi, ɗauke da na'urori. Ka wuce ta ƙarƙashinsa da gudunka, an ciri kuɗi daga asusun da kake zuba wa kuɗi domin wannan tsari. Sunan tsarin Salik, an fara shi a 2007 da irin waɗannan ƙarafa, wato ƙofofi, guda biyu, ta gadar Al Garhoud da ta Al Barsha. Daga 2024 ƙofofin sun kai 10.

Abin da na'urar ke karantawa wata 'yar sitika ce da ake mannawa a gilashin gaban mota, ta ciki, a bayan madubin da direba ke duba baya da shi. Ba ta da batir. A jikinta akwai siririn layin ƙarfe da ɗan ƙwayar lantarki, su ne ke amsawa idan ƙofa ta aiko da sigina. Ana sayenta a gidajen mai. A 2025 kuɗinta dirhami (kuɗin Dubai) 100 ne: 50 na sitikar, 50 kuma su shiga asusunka.

Kafin ka manna, goge gilashin da tsumma mai tsabta, ka bari ya bushe. Ɓare takardar bayanta, ka ɗora sau ɗaya, ka danne da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Nan ne mutane ke yin ɓarna. Sai mutum ya ga ta ɗan karkace, ya sa farce ya ɗago ta don ya gyara. Da ka ɗago ta, layin ƙarfen nan ya tsinke, sitika ta mutu, alhali a ido lafiyarta lau. Gara ka bar ta a karkace. Haka kuma ba a ciro ta daga wata mota a kai wata.

Tun daga 2025 kuɗin ya danganta da lokaci. A farashin 2025, daga Litinin zuwa Asabar, daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da 4 zuwa 8 na yamma, dirhami 6 ne. Sauran lokuta dirhami 4. Daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe kyauta ne.

To, yaya za ka gane ta lalace? Ita ba ta ƙara, ba ta kawo wuta, don haka sai ka riƙa duba asusunka a waya. Idan ka san ka bi ta ƙofa amma lissafin bai daidaita ba, ko ka ga sitikar ta kumbura saboda zafin rana, ko ta yage, kada ka yi shiru. Idan gilashi ya fashe aka sa sabo, ita ma ta tafi ke nan. Je gidan mai ka sayi sabuwa, ka shigar da lambarta a asusunka na dā, ka soke tsohuwar. Katin da ya zo da ita yana ɗauke da lambobin da za a tambaye ka, ka adana shi tare da takardun mota. In za ka sayar da motar, ka cire sitikar ka soke ta, kada wani ya yi ta yawo da kuɗinka.

Ina jaddada wannan ne saboda tarar tana cin guminka. Wanda ya wuce babu kuɗi a asusu yana da kwana 5 na aiki ya zuba, in ya wuce haka tarar dirhami 50. Motar da ba a yi wa rajistar Salik ba kuwa, in ta bi ta ƙofa, bayan kwana 10 na aiki tara ta farko 100 ce, ta biyu 200, daga nan 400. In motar maigida kake ja, ka tambaye shi tun ranar farko: "Ranka ya daɗe, wa zai riƙa zuba kuɗin Salik?"

Aikin gida: direba ya bi ta ƙofa biyu da ƙarfe 7 na safiyar Litinin, ya sake bi ta ɗaya da azahar. Rubuta nawa aka cire masa.