Yadda ake sake zuba kifi a tankin ruwan gishiri bayan an yi asara, da yadda za a ci gaba da kula da shi

Abun da yawancin sababbin masu kiwon kifin teku a gida suke yi idan kifinsu ya mutu shi ne washegari su kira mai shago su ce a aiko da wasu, saboda ba daɗi ganin tanki wayam a falo. Toh don Allah ɗan uwa ka dakata, domin duk abun da ya kashe na farkon yana nan cikin ruwan yana jiran na biyu, kuma waɗannan halittu ne da wasunsu aka kamo daga tekun Indonesiya ko Filifin aka yi doguwar tafiya da su a leda kafin su iso hannunka, haƙƙinsu na wuyanka.

Matakin farko, gano me ya kashe su. Ɗauko kayan gwajinka, ko na Salifert ne ko API ko Red Sea, ka auna amoniya da naitirait da naitiret, wato dattin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da gishiri. Amoniya da naitirait dole su zama sifili, ba "ɗan kaɗan" ba, sifili. Naitiret ya tsaya ƙasa da 20, pH tsakanin 8.1 da 8.4, nauyin gishiri kuma 1.024 zuwa 1.026. Idan amoniya ce ta hau, matsalar daga yawan abinci ne ko cunkoso ko kuma tankin bai nuna ba tun farko, wato bakteriyar da ke cinye amoniya ba ta gama zama a ciki ba, aka zuba kifi, wannan da sauƙi, canjin ruwa da haƙuri na wasu makonni sun isa. Amma idan ruwan lafiya lau yake kuma ka tuna ka ga fararen ɗige-ɗige ƙanana a jikin kifin da fiffikensa, yana goga jiki da dutse yana numfashi da sauri, to ciwon farin ɗigo ne, kuma a nan ne maganar take da tsawo.

Ƙwayar da ke kawo shi, Cryptocaryon irritans, ba a jikin kifi kaɗai take zama ba. Takan yi kwana 3 zuwa 7 tana cin fatarsa, sai ta faɗo ƙasa ta manne a yashi ko dutse ta rufe kanta cikin ƙwanso tana hayayyafa, wannan shi ne lokacin da mutum zai ga ɗigon ya ɓace ya ce Alhamdulillahi kifi ya warke, alhali bai warke ba. Ƙwanson na iya fashewa cikin 'yan kwanaki, wani kuma sai ya kai kwana 72, ɗaruruwan 'ya'ya su fito neman kifi, idan ba su samu ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai su mutu. Kaga kenan maganin tankin shi ne a bar shi babu kifi ko ɗaya har kwana 76. Dodon koɗi da jatan lande da ƙaguwa da murjani duk za su iya zama, ƙwayar ba ta rayuwa a kansu, amma kifi ko guda ɗaya ka bari, ko da ya yi kama da mai lafiya, ka ɓata lissafin. Rubuta ranar a takarda ka manna a jikin gilashi. Kuma a wannan lokacin kar ka kashe famfo, ka riƙa jefa ɗan abinci kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku saboda bakteriyar da ke cinye amoniya kar ta mutu da yunwa. Idan kuma kifayen sun mutu rututu cikin kwana ɗaya ko biyu jikinsu kamar an barbaɗa musu ƙura, wannan wani ciwon ne daban mai suna belbet, ya fi saurin kisa, shi ma dai barin tankin wayam ne maganinsa, kwana 76 ɗin nan sun rufe duka biyun.

Mataki na biyu kana yinsa ne tun kana jiran kwanakin nan su cika, wato haɗa tankin killacewa. Ba wani abun kashe kuɗi ba ne, ɗan tanki na lita 40 zuwa 60, soso mai tacewa da famfon iska, ma'aunin zafi, murfi, da gutsattsarin bututun roba irin na masu aikin famfo don kifi ya samu wurin ɓuya. Ba yashi ba dutse, domin suna shanye magani. Duk sabon kifi a nan zai fara zama sati huɗu kana kallonsa, idan ciwo ya bayyana a nan za ka sa maganin jan ƙarfe irin su Cupramine, ka bi abun da aka rubuta a kwalba kuma ka riƙa aunawa da kayan gwajin jan ƙarfe, saboda idan ya yi kaɗan ba ya aiki idan ya yi yawa ya kashe kifin. Maganin nan kar ya kusanci babban tanki ko da wasa, yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande, dutse kuma ya shanye shi ya riƙa sakinsa a hankali. Raga da bokiti da tiyo na killacewa daban, na babban tanki daban.

Na uku, ruwa. Gishirin miya ba ya yi, sai gishirin da aka haɗa don tanki, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. Ruwan kuma a samu wanda injin RO, na'urar da ke cire abubuwan da suka narke a ruwa, ya tace, ruwan famfo akwai kulorin, na bohol da na rijiya kuma ba ka san me ke narke a ciki ba, sau da yawa shi ke kawo gansakukar da ta ƙi ƙarewa. Ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan abun da ya narke a ruwa, zai gaya maka gaskiya, ana son lambar ta kusa sifili. Wajen haɗawa gram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato jarka mai lita 25 za ta ci kusan gram 900, a zuba gishiri cikin ruwa ba ruwa a kan gishiri ba, a sa ƙaramin famfo yana juyawa ya kwana, da safe a auna da rifiraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa. Ita ma rifiraktomitar sai an riƙa saita ta da ruwan saiti na 35, wanda ya yi daidai da nauyin gishiri 1.026, in ba haka ba ta yi maka ƙarya kana ta bin ta.

Yanzu zaɓen kifi. Ni a ganina mai tankin lita 100 ya fara da kilaunfish guda biyu, mai ruwan lemo da fararen zane uku ɗin nan, kuma ya tambayi wanda aka ƙyanƙyashe a gona ba wanda aka kamo a teku ba, ya fi juriya kuma ya saba cin abincin gwangwani. Ka ɗauki ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, babban shi ne zai rikiɗe ya zama mace, haka Allah ya halicce su, kuma ba sai da anemoni, halittar tekun nan mai kama da fure da suke fakewa a cikinta, za su rayu ba, kar kowa ya matsa maka ka saya. Bayan su sai gobi ɗaya ko royal giramma ko fayafish, shi na ƙarshen nan gwanin tsalle ne, babu murfi da safe a ƙasa za ka tsince shi. Bulu tang yana da kyau ba musu, amma yana kai santimita 30 kuma yana buƙatar tanki mai ɗaruruwan lita, shi ne ma ya fi saurin kama farin ɗigo. Damsel yana da arha da taurin rai sai dai mafaɗaci ne, idan ya riga kowa shiga ba zai bar na baya su sha ruwa ba. Mandarin kuma ƙananan halittu masu rai yake ci, a sabon tanki yunwa ke kashe shi. A shago ka ce a ba kifin abinci a gabanka, wanda bai ci ba ka bar shi.

Idan kifin ya iso, ɗora ledar a rufe kan ruwan tankin killacewa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, ka kashe fitila. Sai ka auna gishirin ledar, shaguna da yawa suna ajiye nasu ƙasa da namu, wajen 1.020. Idan daga cikin gari ne ka juye shi a bokiti da ruwansa, ka ƙulla siririn tiyon iska ya riƙa ɗiga ruwan tankinka a hankali minti 30 zuwa 45. Amma wanda ya kwana a hanya, a ce daga Legas zuwa Kano ko Abuja, kar a ja masa lokaci, domin da zarar an buɗe ledar iska ta shiga pH ya hau, amoniyar da ta taru a ciki sai ta koma guba, gara ka daidaita gishirin tankin killacewa da na ledar ka sa shi kai tsaye, daga baya ka riƙa ɗaga gishirin kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Ruwan leda ko ɗigo kar ya shiga tankinka. Tsakanin sabon kifi da na gaba a bar sati biyu zuwa huɗu, masu sanyin hali su fara shiga.

Kulawar yau da kullum ba ta da wahala idan ta zama jiki. Manna ɗan salatif a gilashi daidai inda ruwa ya tsaya, kullum ka cika zuwa layin da ruwan RO zalla, ba na gishiri ba, saboda ruwa ne ke ƙafewa gishiri yana nan. Abinci abun da za su cinye cikin minti biyu. Duk sati ka canja kashi 10 cikin 100, ka goge gilashi, ka zubar da baƙin ruwan kofin sikima, wato na'urar da ke fitar da dattin ruwa ta hanyar kumfa, ka wanke soso a cikin ruwan da ka cire ba a famfo ba. Hannu mai sabulu ko turare ko man shafawa kar ya shiga ruwa. Maganin sauro na feshi guba ne ga kifi, idan dole a fesa a ɗakin a rufe tankin ruf a kashe famfon iska da sikima sai warin ya fita, turaren wuta ma a nisanta shi. Wayoyin lantarki a bar su su ɗan lanƙwasa ƙasa kafin su hau soket, gishirin da ke bin waya yana iya tada gobara.

Zafi da ɗauke wuta su ne babbar jarabawa a wajenmu. Ana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, a watan Afrilu kuwa ɗaki kaɗai ya wuce haka, ruwa mai zafi kuma iskar cikinsa raguwa take yi. Ƙaramar fanka tana hura saman ruwa ta cikin murfin raga na sauke digiri ɗaya zuwa biyu, sai dai ƙafewa zai ƙaru, gorar ƙanƙara a rufe ma tana taimakawa da tsakar rana idan ba a bari zafin ya faɗi gaba ɗaya ba. Da hunturu kuma hita a saita ta a 25. Idan wuta ta ɗauke, fitila da sikima za su iya jira, famfon da ke motsa ruwa ne ba ya jira, shi za ka fara haɗawa da inbata ko sola, ka kuma ajiye famfon iska mai batir da batura na ko-ta-kwana. In duk babu, ɗebo ruwan tankin da kofi kana zubawa daga sama duk bayan 'yan mintuna, kuma kar ka ba su abinci sai wuta ta dawo famfo ya ci gaba da aiki.