Yadda nake haɗa ruwan goriba a rumfata

Ƙanena ya ba ni labarin wata mashaya a garin Southwell na Ingila, wai sunan tuffar Bramley ta ci, irin da aka shuka a garin tun 1809. Na ce ai mu ma nan Maraɗi rumfar shayina da goriba ake kiranta, saboda tsohuwar bishiyar da ke bakinta.

Ga yadda nake yi. Nemi goriba busasshiya, ja mai duhu; ta wajen Gulbin Kaba nake so. Shinshina ta tukuna, in babu ƙamshi, bar ta. Wanke, ka shanya, ka daka a turmi a hankali har naman ya saki ƙwallon. Kada ka yi ƙarfin hannu, ƙwallon nan tauri gare shi kamar dutse, na taɓa tsaga turmin uwargida a kansa.

Kwano ɗaya na garin goribar, ruwa lita 4. Zuba citta da kanumfari, ka tafasa, ka bar shi ya jiƙu. Tace sau biyu da ƙyalle. Sukari kaɗan, don goriba da zaƙinta. Sa ƙanƙara, ka sayar ranar, in ya kwana tsami yake.